Lambar da ke Bayan Akwati: Darasi Daga Injinan Wasan Jefa Kwabo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin wasan bidiyo na jefa kwabo, wato dogon akwatin nan mai fuskar talabijin da sandar juyawa da maɓallai, abin da ke ɗaukar hankalinsa bai wuce launuka da kiɗa da sunan wasan da aka rubuta ɓaro-ɓaro a goshin akwatin ba. Da wuya a sami wanda zai zagaya baya domin ya duba ɗan ƙarfen da aka kafa mai ɗauke da haruffa da lambobi, balle ya buɗe cikin akwatin ya karanta 'yan takardun da aka manna a kan allon lantarki, wanda masu gyaran rediyo ke kira fanel. Alhali kuwa sunan da ke goshi na talla ne, lambar da ke ciki ita ce ke faɗin ko wane ne injin. Wanda ya kankare ta, ko ya bar ta ta ɓace, ya raba injin da tarihinsa, kamar yadda mai binciken tsirrai ke raba busasshen ganye da amfaninsa idan ya yar da takardar bayanin da ke manne da shi.

An fara sayar da irin waɗannan injina a Amurka da wasan Computer Space a 1971, sannan kamfanin Atari ya fito da Pong a 1972. Daga Japan kuma aka sami Space Invaders na kamfanin Taito a 1978, da Pac-Man na kamfanin Namco a 1980. Yawancin injinan wancan zamani sun bar shagunan wasa, waɗanda suka tsira suna hannun masu sha'awar tara kayan da, ko a gidajen adana kayan tarihi irin su The Strong da ke birnin Rochester a jihar New York. A hannun waɗannan mutane ne darajar lambobin ta fito fili.

Lamba Iri Biyu

Ya kamata tun farko mai karatu ya bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne lambar samfuri, wadda duk injinan wasa ɗaya suke tarayya a kanta. Na biyu shi ne lambar jeri, wadda injin guda ɗaya tak ke ɗauke da ita, babu wani ɗan'uwansa da ke da irinta. Ta farko tana amsa tambayar "wane iri ne wannan?", ta biyu kuma tana amsa tambayar "wanne ne daga cikinsu?"

Ɗalibin ilmin halittu ba baƙo ba ne ga wannan rabo. Tun da Carl Linnaeus ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu a littafinsa na tsirrai na 1753, kowace bishiyar kuka a duniya sunanta Adansonia digitata. Wannan shi ne matsayin lambar samfuri. Amma idan mai bincike ya tsinko reshen wata kuka, ya busar da shi, ya ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai, to wajibi ne ya ba shi lambarsa ta kansa, tare da rana da wurin da aka samo shi. Wannan kuma shi ne matsayin lambar jeri. Ilmi ba ya tsayuwa da ɗaya ba tare da ɗayar ba.

Suna Yana Sauyawa, Akwati Yana Ruɗi

Dalili na farko da ya sa ba a dogara da suna shi ne, suna yana bin kasuwa. Kamar yadda bishiya guda ake ce mata dogon yaro a wani gari, darbejiya a wani, maina a wani, alhali duk Azadirachta indica ce, haka wasa guda kan sami sunaye da dama. A Japan an fara fitar da Pac-Man da sunan Puck Man. Wasan kamfanin Konami da Japanawa suka sani da Gradius, a wajen Japan Nemesis aka kira shi, haka kuma Contra ya shiga Turai da sunan Gryzor. Wasan kamfanin SNK mai suna Samurai Spirits a Japan shi ne Samurai Shodown a Amurka, amma lambarsa ɗaya ce ko'ina, wato 045.

Dalili na biyu shi ne, shi kansa akwatin ba shaida ba ne. Mai shagon wasa ɗan kasuwa ne. Idan wasa ya daina kawo kuɗi, sai ya zare allon lantarkin ya sa wani, ya sauya hoton goshi. Wannan ya ƙara sauƙi daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan, wadda ake kira JAMMA, ta daidaita mahaɗar waya mai haƙora 56, ta yadda allon wani kamfani zai iya shiga akwatin wani kamfani. Daga nan akwati ya zama kamar riga, kowa na iya sawa.

Shahararren misali ya faru tun kafin haka. Reshen kamfanin Nintendo na Amurka ya yi odar injinan wani wasa mai suna Radar Scope guda 3,000, amma kusan 2,000 suka yi kwantai. Domin a ceci dukiya, sai aka ɗora wa wani matashin ma'aikaci, Shigeru Miyamoto, aikin tsara sabon wasa da za a sa a cikin waɗannan akwatuna, aka sami Donkey Kong a 1981. Lambar samfurin Radar Scope tana farawa da TRS, ta Donkey Kong kuma da TKG, kuma allunan Donkey Kong sun bi matakai, TKG2 da TKG3 da TKG4. Da waɗannan haruffa ne mai bincike a yau ke rarrabe injin farko-farko da wanda aka ƙera daga baya, bayan kasuwa ta buɗe. Haruffa uku da lamba ɗaya sun riƙe labarin yadda kamfani ya tsallake rijiya da baya.

Yadda Kamfanoni Suka Tsara Lambobinsu

Babu wata hukuma da ta ɗora wa kamfanonin tsari guda, saboda haka kowanne ya ƙirƙiro nasa, kuma a cikin kowane tsari akwai hikima da ta cancanci nazari.

Kamfanin SNK ya fito da injin Neo Geo a 1990, wanda ake sa wa wasa a kaset, akwati guda kuma na iya ɗaukar kaset ɗaya ko biyu ko huɗu ko shida. Kowane wasa yana da lamba mai alƙaluma uku. Idan kaset na shagon wasa ne, sai a rubuta NGM a gaban lambar, idan kuwa na gida ne sai a rubuta NGH. Wasan NAM-1975 shi ne 001, Magician Lord 005, Fatal Fury 033, The King of Fighters '94 kuma 055. Daɗin daɗawa, ƙwayoyin ajiyar da ke cikin kaset, waɗanda ake kira ROM, an raba su da haruffa bisa aikinsu: P na umarnin wasan, C na hotunan da ke motsi, S na rubutun da ke tsaye a fuska, M na umarnin sauti, V kuma na muryoyi da kiɗa. Ashe ke nan mai gyara da ya ga hotuna sun dagule amma sauti lafiya, ya san ƙwayoyin da zai fara tuhuma tun kafin ya kunna dalma.

Kamfanin Konami kuwa ya yi amfani da haruffan GX tare da alƙaluma uku. Contra na 1987 shi ne GX633, Teenage Mutant Ninja Turtles na 1989 shi ne GX963, X-Men na 1992 kuma GX065. Alƙaluman ukun nan su ne ke farkon sunan ƙwayoyin ajiyar wasan, don haka ko an tsinci ƙwaya ita kaɗai a aljihun tebur, ana iya mayar da ita gidansu. A wasanninsa na farkon shekarun 1990 kamfanin ya ƙara wasu haruffa uku. Harafin farko na yankin duniya ne: J Japan, U Amurka, E Turai, A Asiya. Na biyu yana nuna irin akwatin, na uku kuma yana nuna gyaran da aka kai. Alal misali, X-Men mai alamar UBB na Amurka ne na mutum huɗu, mai alamar UCB kuma na Amurka ne na mutum shida.

Tsarin kamfanin Sega ya fi kama da rabon dangi a ilmin halittu, domin alƙaluma ukun farko suna faɗin dangin abin, sauran kuma suna faɗin wanne ne. Abin da ya fara da 171 tsurar allo ne, 315 ƙwayar lantarki ce ta musamman da aka ƙera wa kamfanin, 317 kuma ƙwayar tsaro ce. Ƙwayar ajiyar da ake iya gogewa a sake rubutawa tana ɗauke da EPR, wadda aka rubuta dindindin tun daga masana'anta kuma MPR. Haka kamfanin Atari ya ba wa ƙwayoyin wasan Centipede lamba mai farawa da 136001, na Tempest kuma 136002.

Kamfanin Capcom ya zaɓi kwanan wata. Idan aka kunna injin, yakan nuna alƙaluma shida, biyu na shekara, biyu na wata, biyu na rana. Wasan Street Fighter II na 1991 yana da bugu mai lamba 910214, wato 14 ga Fabrairu 1991, da wani mai lamba 910522, wato 22 ga Mayu 1991. Suna ɗaya, hoto ɗaya, amma umarnin da ke ciki ya bambanta. Da kamfanin ya fito da tsarin CPS-2 a 1993, sai ya haɗa da launi: robar da ta rufe allon wasa kore ce ga Japan, shuɗiya ga Amurka da Turai, ruwan toka ga Asiya, ruwan lemo ga ƙasashen Amurka ta Kudu, ruwan ɗorawa kuma ga allunan haya.

Lokacin da Lamba ke Raya Inji

Wani zai ɗauka duk wannan ƙa'idar ofis ce kawai. To amma akwai inda rashin lamba ke nufin mutuwar injin baki ɗaya. Domin hana masu kwaikwayo, wasu kamfanoni sun rufe umarnin wasa da rubutun sirri, suka ajiye mabuɗin a wata ƙwaya da ɗan ƙaramin batir ke riƙe da ita. Ranar da batir ya ƙare, mabuɗi ya goge, inji ya zama gawa. Sega ya yi haka da ƙwaƙwalwar FD1094 wadda kamfanin Hitachi ya ƙera, Capcom kuma ya yi a tsarin CPS-2.

A wasan Golden Axe na Sega na 1989, ƙwaƙwalwa mai lamba 317-0121 ta Japan ce, mai lamba 317-0122 ta Amurka ce, mai lamba 317-0120 kuma ta sauran ƙasashen duniya. Kowace da mabuɗinta, kuma kowane mabuɗi yana buɗe ƙwayoyin umarnin da aka rubuta dominsa ne kaɗai. Wanda ya haɗa ƙwayoyin wannan da ƙwaƙwalwar waccan ba abin da zai gani sai duhu. A ido duka ƙwaƙwalen iri ɗaya ne. 'Yar takardar da ke kansu ce kaɗai ke raba su.

A watan Fabrairu na 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin injinan wasa domin kada aikinsu ya ɓace. Masu wannan aiki sukan kwafi abin da ke cikin kowace ƙwaya, su sa wa kwafin suna bisa rubutun da ke kan takardar ƙwayar da gurbinta a kan allo. A 2007 Salmoria da Andreas Naive suka warware rubutun sirrin CPS-2. Nasarar lissafi ce babba, amma amfaninta ya dogara ne ga sanin wane mabuɗi ne na wane bugu, kuma lambobin yanki da na kwanan wata ne suka ba da wannan sani.

Abin da Masu Suka ke Cewa

Akwai suka iri uku da ya kamata a saurara. Ta farko ita ce, wasa wasa ne, bai kai a ɓata lokacin ɗalibi a kansa ba. Amsa ita ce, waɗannan injina kwamfutoci ne na sosai, kuma miliyoyin mutane a kansu suka fara taɓa kwamfuta. Ban da haka, ɗabi'ar kiyaye bayani ba ta zaɓar abu; wanda ya raina lambar injin wasa, gobe zai raina lambar kwalbar da ke ɗakin gwaji.

Ta biyu ita ce, kamfanoni ba don tarihi suka yi lambobin ba, sun yi ne don ribarsu, don su san inda kayansu suka shiga, su kuma tsare iyakokin kasuwa. Wannan gaskiya ne. Hasali ma masu tara kaset na Neo Geo suna yawan cin karo da waɗanda aka kankare wa lambar jeri, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne dillalai ne suka yi haka don kada a gane hanyar da kaya suka bi. Sai dai wannan hujja ce da ke ƙarfafa batun: ba a kankare abin da ba shi da abin faɗi. Niyyar wanda ya rubuta shaida daban, amfanin da na baya za su samu daban.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, wato lamba na iya ruɗarwa, har ma ta yi ƙarya. Lambobin Konami sun kai ɗari tara da wani abu suka koma farko, shi ya sa The Simpsons na 1991 yake GX072, ƙasa da GX963 na 1989. Wanda ya jera su bisa girman lamba zai juya tarihi. Metal Slug na 1996 lambarsa 201, alhali duk wasannin Neo Geo da aka fitar a hukumance ba su kai 200 ba, domin an yi tsallake a jerin. Shekara mai alƙaluma biyu kuma ba ta faɗin ƙarni. Sannan ga jabu: allunan bogi na Street Fighter II sun cika kasuwa, har wani da aka yi wa kutse mai suna Rainbow Edition ya yi farin jinin da ya taimaka wajen sa Capcom fitar da Hyper Fighting a ƙarshen 1992. Wanda ya iya kwaikwayon allo, buga takarda ba zai gagare shi ba, kuma masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Wannan suka daidai take, amma abin da take koyarwa shi ne a tabbatar da lamba da wata shaida, ba a yar da ita ba. Yawancin ƙwayoyin lantarki suna ɗauke da alƙaluma huɗu na lokacin ƙira, biyu na shekara, biyu na mako. 8214 na nufin mako na 14 na shekarar 1982. Allon da takardarsa ke cewa 1981 amma ƙwayoyinsa duka na 1985 ne, to akwai magana. Haka kuma masu aikin MAME sukan lissafa wa kowane kwafi wata lamba daga abin da ke cikinsa, ta hanyoyin da ake kira CRC32 da SHA-1, wadda ke zama kamar zanen yatsa: ko alƙalami ɗaya ya sauya a ciki, lambar za ta sauya. Haka masanin halittu ke yi, yakan gwada abin da takarda ta ce da siffar ganye da fure, a yau kuma har da ƙwayoyin gado. A rumbun bayanan GenBank kowane jerin ƙwayoyin gado yana da lambarsa, kuma idan an gyara shi sai a ƙara alƙalamin da ke bayan ɗigo, kamar yadda harafin ƙarshe na Konami ke nuna gyara.

Darasi ga Ɗalibai da Malamai

Daga nasarori da kurakuran waɗannan kamfanoni ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu ga duk mai ajiye kaya. Na ɗaya, a raba lambar iri da lambar ɗaiɗaiku. Na biyu, kada a sake ba wani abu lambar da aka taɓa bayarwa, kuma a tanadi gurbin alƙaluma isasshe don kada jeri ya cika. Na uku, a rubuta shekara cikakkiya, a kuma nuna duk gyaran da aka yi. Na huɗu, a kwafe lambar a littafin rajista da ke wani wuri dabam, domin takarda tana ɓallewa, tawada kuma tana dusashewa.

Ba sai an sami injin wasa ba kafin a gwada wannan. A jikin kwalin magani akwai lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda ta shafi samfurin, akwai kuma lambar rukunin da aka sarrafa tare, wadda da ita ake janye magani daga kasuwa idan an sami matsala. Wayar hannu tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. Takwas na farko suna nuna samfurin, shida na biye suna nuna wayar ita kanta, na ƙarshe kuma na tabbatar da cewa ba a yi kuskuren kwafi ba. Malamin kimiyya zai iya ware darasi guda ya sa ɗalibai su bi kayan ɗakin gwaji, daga madubin hangen ƙananan halittu zuwa ma'auni, su rubuta lambar samfuri da lambar jerin kowanne, sannan su tsara wa busassun ganyayen da suka tara lambobi na kansu.

Kammalawa

Injinan wasan jefa kwabo an ƙera su ne don su yi 'yan shekaru suna tara sulalla, sannan a yar. Waɗanda suka rayu har yau, da waɗanda aka iya tayarwa bayan batirinsu ya mutu, sun ci albarkacin 'yan haruffa da alƙaluman da wani ma'aikaci ya manna, wani mai gyara kuma ya yi haƙuri bai ɓalle ba. Saboda haka duk wanda tsohuwar na'ura ta faɗo hannunsa, ko ta wasa ce ko ta ɗakin gwaji, kafin ya wanke ta ko ya yi mata fenti ko ya sauya mata wani sashe, ya fara ɗaukar alƙalami ya kwafe lambobinta. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.